Sanƙarau

Sanƙarau cuta ce da ke kumbura tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Ƙwayoyin cuta iri-iri ne ke haddasa ta, amma wadda take zama annoba a ƙasar Hausa da maƙwabtanta ita ce ƙwayar bakteriya mai suna Neisseria meningitidis, wadda likitoci ke kira meningokokus. Tana cikin cututtukan da suka fi saurin kisa: mutum yana iya wayar gari lafiya lau, kafin wata safiyar ya cika. Duk da haka tana da magani, tana kuma da rigakafi. Abin da ya fi raba wanda zai tashi da wanda ba zai tashi ba shi ne tsawon lokacin da aka ɗauka tsakanin fara ciwo da allurar farko a asibiti.

Ƙwayar cutar

Wani likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Anton Weichselbaum, shi ne ya fara gano ƙwayar a 1887 cikin ruwan lakar marasa lafiya. Ba ta rayuwa a jikin dabba, ko a ruwa, ko a ƙasa. Mazauninta kawai shi ne bayan hanci da maƙogwaron ɗan Adam. A kowane lokaci, kimanin mutum biyar zuwa goma cikin ɗari suna ɗauke da ita ba tare da sun sani ba, kuma ba ta yi musu komai. A lokacin annoba adadin yakan kai mutum ɗaya cikin huɗu. Ciwo yana farawa ne idan ƙwayar ta huda fatar maƙogwaro ta faɗa cikin jini, daga nan ta isa ƙwaƙwalwa.

An kasa ƙwayar gida 12 bisa irin kwanson da ke kewaye da ita, ana kiran kowane gida da harafi. Shida ne ke jawo kusan dukkan ciwon da ake gani a duniya: A, B, C, W, X da Y. Wannan rabe-raben yana da muhimmanci, domin allurar rigakafin da aka yi wa gida ɗaya ba ta kare mutum daga wani gidan. Tsawon ƙarni guda gidan A ne ya addabi Afirka ta Yamma. A 'yan shekarun nan C da W da X ne suka fi fitowa.

Akwai wasu ƙwayoyin da ke kawo sanƙarau, kamar ƙwayar da ke sa ciwon haƙarƙari, da wadda ake kira Hib, da ƙwayar tarin fuka, da wasu ƙwayoyin bairos. Alamominsu sun yi kama da juna, gwajin asibiti ne kaɗai ke bambanta su.

Yadda take yaɗuwa

Ƙwayar meningokokus tana bin numfashi da feshin yawu ko majina: tari, atishawa, shan ruwa da moɗa ɗaya, ko kwana ɗaki ɗaya da mai ɗauke da ita. Tana buƙatar cuɗanya ta kusa kuma mai tsawo, gaisawa a hanya ba ta cika sa a kamu ba. Shi ya sa ta fi ɓarna inda ake kwana a cunkushe, kamar makarantun kwana, tsangayu, barikin soja, gidajen yari, sansanin 'yan gudun hijira da gidajen haya masu ɗaki ɗaya da ƙaramar taga. Daga kamuwa zuwa fitowar alamomi yakan ɗauki kwana 2 zuwa 10, galibi 3 ko 4. Kowa na iya kamuwa, amma jarirai, yara da matasa 'yan ƙasa da shekara 30 su ne suka fi yawa.

A 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya zana iyakar yankin da annobar ke yawan dawowa a Afirka. Yau ana lissafa ƙasashe 26 a cikinsa, daga Senegal a yamma zuwa Habasha a gabas. Arewacin Najeriya da kudancin Nijar suna tsakiyarsa. A wannan yanki cutar tana da lokacinta: takan taso a cikin hunturu, wajen Disamba ko Janairu, ta yi ƙamari a bazara tsakanin Maris da Afrilu, ta lafa da saukar damina.

Jama'a sukan ce zafi ne ke kawo sanƙarau. Zafi shi kaɗai ba ya haifar da ita, sai da ƙwayar. Abin da masana suka fi rinjaya a kai shi ne busasshiyar iska da ƙurar hunturu suna tsattsage fatar hanci da maƙogwaro, mura da tari su ƙara raunana ta, sai ƙwayar da take zaune lafiya ta sami ƙofar shiga jini. Da ruwa ya sauka, iska ta yi laima, sai adadin masu ciwo ya faɗi cikin makonni kaɗan, ko da yake ƙwayar tana nan tana yawo a tsakanin mutane.

Alamomi

A sa'o'in farko ba ta da bambanci da zazzaɓin cizon sauro ko mura mai ƙarfi: zazzaɓi, ciwon jiki, kasala, tashin zuciya. A nan ne ake yawan asarar lokaci, domin an saba a je kemis a karɓo maganin maleriya a jira kwana biyu. Abin da ya kamata ya tayar da hankali shi ne saurin taɓarɓarewa, da kuma waɗannan alamomi ga babba ko yaro mai wayo:

Zazzaɓi mai zafi da ya zo farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani wanda maganin ciwon kai ba ya taɓawa, amai, ƙin haske, mara lafiya ya riƙa runtse ido ko juya fuska bango, sandarewar wuya, ruɗewa, surutai ko barci mai nauyi da wuyar tashi, jijjiga, suma.

Ana duba wuya ne ta hanyar kwantar da mara lafiya rigingine, a tallabi ƙeyarsa a ɗago kan a hankali don haɓarsa ta taɓa ƙirji. Mai sanƙarau wuyansa yakan ƙi lanƙwasuwa, ya yi ƙara, wani lokaci ya naɗe gwiwoyinsa ba da niyya ba. Idan ciwon ya yi nisa, kai yakan karkata baya, bayan ma ya gantsare. Sai dai ba kowane mai cutar ne wuyansa ke sandarewa ba, kuma alamar takan makara. Jiran ganinta kafin a tafi asibiti kuskure ne mai tsada.

Jariri ba ya faɗin ciwon kai, wuyansa kuma sau da yawa ba ya nuna komai. Abin lura a gare shi: ƙin kama nono, kuka mai tsini da ba ya lallasuwa, musamman idan an ɗauke shi, maɗiga ta kumbura ta yi tauri ko da ba ya kuka, jiki ya saki ko ya ƙage, ido ya kafe, amai, jijjiga. Jikin jariri ƙarami yana iya yin sanyi maimakon zafi.

Akwai nau'in da ya fi haɗari, wanda ƙwayar ke yaɗuwa a cikin jini, wani lokaci ba tare da ta taɓa ƙwaƙwalwa ba. Alamominsa su ne sanyin hannu da ƙafa alhali jiki na zafi, ciwon ƙafafu da gaɓoɓi, saurin numfashi, ƙarancin fitsari, da wasu ɗigo-ɗigo ja ko masu duhu a fata, kamar an tsira allura. Waɗannan ba ƙuraje ba ne, jini ne ke tsiyaya a ƙarƙashin fata, kuma cikin sa'o'i sukan haɗe su zama manyan tabo. A baƙar fata ba a saurin ganinsu, don haka ake duba tafin hannu, tafin ƙafa, cikin fatar ido da dasashi. Idan aka danna gefen kofin gilashi a kansu, ba sa ɓacewa kamar yadda jan ƙuraje ke yi. Wanda aka ga wannan a jikinsa tare da zazzaɓi, a ɗauke shi zuwa asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.

Saboda surutai da jijjiga da kafewar ido, wasu iyalai sukan ɗauka iska ce ta taɓa mara lafiya, a fara da turare da shafe-shafe. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti, ana iya yinta a hanya da kuma bakin gado. Ɗura wa wanda ya suma jiƙo ko rubutu yana iya shaƙe shi, ruwan ya faɗa huhu. Mai jijjiga ana kwantar da shi ne a gefensa, ba a cusa masa cokali ko yatsa a baki.

Gwaji

Babban gwajin shi ne ɗibar ruwan laka. Ana kwantar da mara lafiya a gefe, ya naɗe gwiwa zuwa ƙirji, likita ya sa siririyar allura tsakanin ƙasusuwan ƙasan baya, ya tari ɗan ruwa kaɗan. Ruwan lafiyayyen mutum garau yake, na mai sanƙarau kuwa yakan fito gurɓatacce kamar ruwan tsari. Mutane da yawa suna tsoron wannan gwaji, suna cewa yana shanye ƙafafu ko yana kisa. Allurar tana shiga ne a ƙasa da inda laka ta ƙare, kuma jiki yana mayar da ruwan da aka ɗiba cikin sa'o'i kaɗan. Mutuwa ko nakasar da kan biyo baya aikin cutar ce. Akwai yanayin da likita da kansa zai jinkirta gwajin, misali idan mara lafiya ya yi nisa a suma ko jininsa ya faɗi ƙwarai.

Ana duba ruwan da madubin likita, a yi gwajin gaggawa, a kuma aika wani kaso zuwa babban ɗakin gwaji don a san gidan ƙwayar. A Najeriya babban ɗakin gwajin hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC yana Gaduwa a Abuja, a Nijar kuma cibiyar CERMES da ke Yamai ce ke wannan aiki. Ana yin gwajin maleriya a lokaci guda, domin zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa yana kama da sanƙarau. Samun maleriya a jini bai kore sanƙarau ba, mutum na iya ɗaukar duka biyun.

Magani

Ƙa'idar ita ce a fara magani da zarar an yi zargi, ba a jiran sakamako. Idan gwajin ruwan laka zai jawo jinkiri, ana yin allurar tukuna. Maganin da aka fi dogara da shi yau shi ne ceftriaxone, ta jijiya ko ta tsoka. A lokacin annoba, tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne a yi shi kullum har kwana 5, jarirai ƙanana kuma ana tsawaita musu. Ana amfani da penisilin ko amfisilin a wasu wuraren. Dole a cika kwanakin ko da mara lafiya ya farfaɗo a rana ta biyu. Ƙwayoyin haɗiya da ake saya a kemis ba sa isa ƙwaƙwalwa da ƙarfin da ake buƙata, sai dai su ɓata sakamakon gwaji.

Bayan allura akwai ƙarin ruwa, saukar da zazzaɓi, tsayar da jijjiga, iskar oksijin idan numfashi ya yi wuya, ciyarwa ta roba ga wanda ba ya iya haɗiya, da juya wanda ya suma don kada bayansa ya yi gyambo. Bayan awa 24 da fara maganin da ya dace, mara lafiya ya daina yaɗa ƙwayar.

Idan ba a yi magani ba, cutar tana iya kashe rabin waɗanda suka kamu. Ko da magani, kimanin mutum ɗaya cikin goma yakan rasu, yawanci a cikin kwana biyun farko. Daga cikin waɗanda suka tsira, kusan ɗaya cikin biyar yakan fita da wata larura: kurumta ita ce ta fi yawa, sai farfaɗiya, raunin gani, shanyewar wani sashe na jiki, wuyar koyon karatu, ko yanke yatsu da ƙafa ga wanda cutar ta lalata masa jijiyoyin jini. Don haka ake so a gwada jin duk wanda ya warke cikin makonnin farko, musamman yaron da bai fara magana ba, wanda kurumtarsa kan ɓuya har sai an ga bakinsa bai buɗe ba.

Waɗanda suke gida ɗaya ko ɗaki ɗaya da mara lafiya ana iya ba su maganin da ke kashe ƙwayar a maƙogwaro, galibi ciprofloxacin sau ɗaya, bisa umarnin ma'aikacin lafiya. A 2017 an yi wani bincike a gundumar Madarunfa ta jihar Maraɗi, inda aka raba wannan magani ga ƙauye gaba ɗaya da zarar an sami mai ciwo. Ƙauyukan da aka yi wa haka sun sami raguwar masu kamuwa sosai, fiye da inda aka ba 'yan gida kaɗai.

Tarihinta a ƙasar Hausa da kewaye

An fara bayyana annobar a rubuce a birnin Janeba a 1805. A Afirka ta Yamma kuwa, babbar annoba ta farko da aka rubuta ta faru ne a Arewacin Najeriya a 1905, kuma ɗaya daga cikin rahotannin farko ya fito ne daga Zungeru, hedikwatar Turawan mulki ta lokacin, wadda yau take cikin Jihar Neja. Tun daga nan annobar ta riƙa dawowa bayan 'yan shekaru. A shekarun 1970 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ya zama cibiyar binciken cutar, inda likitoci irin su Brian Greenwood da Hilton Whittle suka yi aiki da takwarorinsu 'yan ƙasa. A can aka gwada allurar chloramphenicol mai mai, wadda ake yi sau ɗaya, ta kuma zama makamin yaƙi da annoba a karkarar Afirka na shekaru masu yawa.

Annoba mafi muni ita ce ta 1996. A Najeriya kaɗai an lissafa masu ciwo sama da 100,000 da mamata sama da 11,000. A wannan shekarar ne kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a kan yara kimanin 200 a Asibitin Zana da ke Kano, rabi aka ba su Trovan, rabi ceftriaxone. Yara 11 sun rasu, wasu sun nakasa. Iyaye sun ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin kuma ya ce cutar ce ta yi ɓarnar. Bayan doguwar shari'a, an sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Lamarin ya bar tabon rashin yarda da allurar rigakafi a Arewa na tsawon lokaci.

Gidan A ya sake yin babbar ɓarna a Najeriya da Nijar a 2009. Daga 2013 wani sabon nau'i na gidan C ya ɓulla a Sakkwato da Kebbi, ya haddasa annoba a Yamai a 2015, sannan ya ɓarke a Zamfara a ƙarshen 2016. Kafin damina ta kashe wutar a 2017, an lissafa waɗanda ake zargin sun kamu sama da 14,000 a Najeriya, mamata sama da 1,100. Neja tana cikin jihohin da abin ya fi shafa, tare da Zamfara, Sakkwato, Katsina da Kebbi.

Rigakafi

Allurar MenAfriVac ta gidan A, wadda kamfanin Serum Institute na Indiya ya sarrafa musamman don Afirka a kan farashi ƙasa da rabin dala, ta fara aiki a Burkina Faso, Mali da Nijar a Disamba 2010, ta iso Najeriya a 2011. An yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29, kuma tun daga lokacin annobar gidan A ta kusa ɓacewa daga yankin. A 2019 Najeriya ta sa ta cikin alluran yara na yau da kullum, ana yinta a wata tara tare da ta ƙyanda da ta shawara. Alluran Penta da PCV da ake yi wa jarirai suna kare su daga wasu ƙwayoyin biyu masu kawo sanƙarau.

Giɓin da ya rage shi ne sauran gidajen. A Maris 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da Men5CV, allura guda da ke kariya daga A, C, W, Y da X, inda aka fara da Jigawa, Bauchi da Yobe a lokacin wata annoba. Allurar rigakafi takan ɗauki kimanin kwana 10 zuwa mako biyu kafin ta fara kariya. Wannan ne dalilin da Saudiyya ta wajabta wa maniyyata aikin Hajji da Umra yin allurar sanƙarau aƙalla kwana 10 kafin isa, bayan annobar da ta auku a Hajjin 1987 da na 2000. A 2020 ƙasashen duniya suka amince da shirin kawo ƙarshen annobar sanƙarau kafin 2030.

Bayan allura, abubuwan da ke rage yaɗuwa su ne rage cunkoso a ɗakin kwana, buɗe tagogi, rufe baki yayin tari da atishawa, wanke hannu, kauce wa hayaƙin itace da na taba a cikin ɗaki, da daina karɓa-karɓar kofi da cokali idan akwai mai ciwo.

A Minna da Jihar Neja

Minna tana gefen kudu na yankin annobar, damina takan riga ta Sakkwato ko Katsina sauka, don haka lokacin haɗarin ya fi gajarta. Amma arewacin jihar, wajen Kontagora, Mariga, Magama da Rijau, yana maƙwabtaka da Kebbi da Zamfara, kuma zirga-zirgar 'yan kasuwa, ɗalibai, almajirai da waɗanda rashin tsaro ya raba da gidajensu ba ta yankewa tsakanin can da babban birnin jihar. Unguwanni masu yawan jama'a irin su Tudun Wada, a Ƙaramar Hukumar Chanchaga, inda gidan haya guda kan ƙunshi iyalai da yawa, suna da yanayin da ƙwayar ke samun sauƙin wucewa daga mutum zuwa mutum a watannin Fabrairu zuwa Afrilu.

Mazaunin Tudun Wada yana da abin da ɗan ƙauye ba shi da shi, wato kusanci da asibiti. Babban Asibitin Minna da Asibitin Ƙwararru na IBB suna cikin gari, akwai kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Bida. Ƙananan asibitocin unguwa aikinsu shi ne su gane alamomin, su yi allurar farko idan suna da ita, su tura mara lafiya gaba ba tare da ɓata lokaci ba.

Sanƙarau tana cikin cututtukan da wajibi ne a kai rahotonsu. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka, wanda ke tattara rahoto ya miƙa wa Ma'aikatar Lafiya ta jiha da NCDC. A yanki mai mutum 30,000 zuwa 100,000, idan aka sami masu ciwo 3 cikin kowane mutum 100,000 a mako guda, ana shiga shirin ko-ta-kwana. Idan suka kai 10, an shiga annoba, sai a nemi allurar rigakafi ta gaggawa. Wannan lissafi ba ya yiwuwa sai marasa lafiya sun zo asibiti an kuma gwada ruwan lakarsu, domin da sakamakon ne ake sanin gidan ƙwayar da irin allurar da za a kawo. Saboda haka mai unguwa, limami, malamin tsangaya, shugaban makarantar kwana da mai kemis duk suna cikin masu sa ido: mutum biyu da suka kwanta da zazzaɓi da ciwon wuya a gida ɗaya ko aji ɗaya cikin mako guda sun isa a sanar da asibiti mafi kusa a ranar.